Sarautar Ƙaya: Sharhi a Kan Labarin Abimelek da Almarar Yotam

Gabatarwa

Abin da na ƙudura in yi a wannan 'yar maƙala shi ne in ɗauki babi guda daga cikin Littafi Mai Tsarki in feɗe shi kamar yadda muka saba feɗe waƙa ko ƙagaggen labari, wato in duba jigonsa da zubinsa da salonsa, sa'an nan in faɗi inda na ga ya yi ƙarfi da inda na ga ya yi rauni. Babin kuwa shi ne na 9 a Littafin Mahukunta, wanda wasu fassarori ke kira Alƙalai. Ayoyinsa 57 ne, shi ya fi kowane babi tsawo a littafin, kuma mai son karanta shi da Hausa ba zai sha wuya ba, domin tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa a harshenmu.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan babi shi ne, a cikinsa ne aka ba da labarin mutum na farko da aka naɗa sarki a Isra'ila, tun kafin Saul da Dawuda. Ba wanda ya kira shi, shi ya kira kansa. Saboda haka masu wa'azi sukan ɗauko shi a majami'a idan za su yi magana a kan girman kai da son girma. Ni ma ta fuskar Kirista zan dube shi. Sai dai na lura yawancin masu ɗauko labarin a kan Abimelek kaɗai suke tsayawa, su bar sauran waɗanda labarin ya tuhuma. A ganina waɗannan da ake bari su ne rabin darasin.

Labarin a taƙaice

Gidiyon, wanda ake yi wa laƙabi da Yerubba'al, ya ceci Isra'ila daga hannun Madayanawa. Ya mutu ya bar 'ya'ya maza 70 daga matansa na aure, da kuma ɗa guda, Abimelek, wanda ƙwarƙwararsa ta garin Shekem ta haifa masa. Abimelek ya tafi wurin kawunnansa a Shekem, ya ce su tambayi manyan gari wanne ya fi musu, mutum saba'in su mallake su ko mutum ɗaya, kuma su tuna shi jininsu ne. Manyan gari suka ɗebo azurfa 70 daga haikalin gunkinsu Ba'al-berit suka ba shi. Ya yi hayar 'yan iska marasa aikin yi da kuɗin, ya tafi Ofra gidan ubansa, ya yanka 'yan'uwansa a kan dutse ɗaya. Autansu Yotam ne kaɗai ya ɓuya ya tsira.

Da Yotam ya ji an naɗa Abimelek, sai ya hau Dutsen Gerizim ya ɗaga murya ya yi wa mutanen Shekem almara. Wai itatuwa ne suka fita neman sarki. Suka je wa zaitun, ya ce ba zai bar mansa ya je ya riƙa kaɗawa a bisa itatuwa ba. Ɓaure ya ce ba zai bar zaƙinsa ba. Kurangar inabi ta ce ba za ta bar ruwanta ba. Daga ƙarshe suka je wa ƙaya. Ita kuwa ta amsa nan take, ta ce in da gaske suke su zo su fake a inuwarta, in ba haka ba wuta za ta fito daga jikinta ta cinye itatuwan al'ul na Lebanon. Yotam ya la'ance su duka, sarkin da masu naɗa shi, ya gudu.

Bayan shekara uku amana ta watse tsakanin Abimelek da Shekem. Wani mai suna Ga'al ɗan Ebed ya zuga gari ya yi tawaye. Abimelek ya ci garin da yaƙi, ya rushe shi, ya barbaɗa masa gishiri, ya ƙone mutum wajen 1,000, maza da mata, waɗanda suka fake a hasumiya. Ya wuce garin Tebez zai yi musu haka nan, sai wata mata ta sako ɗan dutsen niƙa daga saman hasumiya ta fasa masa kai.

Jigo

Babban jigon labarin a fili yake: mulkin da mutum ya ɗauka da hannunsa domin kansa, shi ke cinye shi tare da waɗanda suka ɗora shi. Amma idan muka warware jigon za mu ga girman kai iri uku ne aka nuna, ba ɗaya ba.

Na farko shi ne na Abimelek, wanda kowa ke gani. Mai karatu ya dubi tambayar da ya yi wa mutanen Shekem. Babu inda aka ce 'ya'yan Gidiyon saba'in sun nemi sarauta. Shi ya ƙirƙiro barazanar, sa'an nan ya kawo kansa a matsayin magani. Bai ambaci wani aiki da zai yi wa jama'a ba, bai ambaci maƙiyin da zai kare su daga gare shi ba. Hujjarsa guda ce, wato shi ɗan gida ne. Sauran shugabannin da ke cikin wannan littafi, irin su Otniyel da Ehud, an ce Ubangiji ne ya tashe su a lokacin da jama'a ke kuka saboda zalunci. Game da Abimelek ba a ce haka ba. Bai yaƙi baƙon maƙiyi ko ɗaya ba. Duk jinin da ya zubar na 'yan'uwansa ne da na talakawansa.

Na biyu shi ne na ubansa, kuma wannan ya fi wuyar gani domin ya sa rigar tawali'u. A babi na 8 jama'a sun roƙi Gidiyon ya mallake su, shi da ɗansa da jikansa. Ya ƙi, ya ce Ubangiji ne zai mallake su. Magana ce mai kyau ƙwarai. To amma me ya biyo baya? Nan take ya nemi kowa ya ba shi 'yan kunnen zinariya daga ganima, har nauyinsu ya kai shekel 1,700, wato wajen kilo 19. Ya yi falmaran da su ya ajiye a garinsu, abin ya zama tarko gare shi da gidansa. Ya tara mata kamar sarki. Ɗan ƙwarƙwararsa kuma aka sa masa suna Abimelek, wanda da Ibrananci ke nufin ubana sarki ne. Ashe Gidiyon sunan sarautar ya ƙi, amma bai bar komai daga cikin kayanta ba. Yaron da ya tashi yana jin wannan suna kullum, ga shi kuma ɗan ƙwarƙwara a cikin 'ya'yan matan aure, ba abin mamaki ba ne ya nemi cika sunansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Har ƙayar ma gado ce, domin da ƙayayuwan jeji Gidiyon ya hori dattawan Sukkot da suka hana mayaƙansa abinci.

Na uku shi ne na itatuwan kirki, kuma a nan ne na saba wa yawancin masu sharhi. Martin Buber, malamin falsafa Bayahude, a littafin da ya buga a 1932 game da sarautar Allah, ya ɗauki almarar Yotam a kan cewa babu wani rubutu a adabin duniya da ya kai ta ƙin sarauta. Bisa wannan fahimta zaitun da ɓaure da inabi su ne masu hankali, mulki kuwa aikin banza ne da ba mai karɓarsa sai wanda ba shi da abin yi. Akwai gaskiya a ciki. Kalmar da itatuwan suka yi amfani da ita wajen siffanta mulki tana nufin kaɗawa ko lilo, irin na reshen da iska ke juyawa, kuma wannan ba'a ce. Amma ina tambaya, bayan da su ukun suka ƙi, ina suke sa'ad da aka je wa ƙaya? Ba wanda ya ce a dakata. Ba wanda ya ba da shawarar wani. Kowannensu abin da ya ambata nasa ne: maina, zaƙina, ruwana. Wutar da ta tashi daga baya kuwa ba ta tambayi wane itace ne ya tsame hannunsa ba. Mutumin da ke ganin ya fi ƙarfin ya ɓata hannunsa da al'amarin jama'a, shi ma yana da nasa girman kan.

Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a koyarwar Kirista. Giregori Babba, wanda ya zama Paparoma a 590, ya rubuta littafi a kan aikin makiyayin jama'a. A kashinsa na farko ya tsawata wa masu rububin muƙami ba su cancanta ba, ya kuma keɓe babi ya tsawata wa waɗanda Allah ya ba baiwa amma suka guje wa shugabanci don su huta. A wurinsa duka biyun kansu suke so.

Zubi da tsari

Marubucin ya gina labarin kamar awon ma'auni, abin da aka zuba a wannan gefe shi ake mayarwa a wancan. Azurfa 70 aka biya, 'yan'uwa 70 aka nufa, ke nan kowane rai azurfa guda. Abimelek ya ce mutum ɗaya ya fi, ya yi kisa a kan dutse ɗaya, sai mace ɗaya ta kashe shi da dutse ɗaya. Kuɗin kisan daga haikalin gunki suka fito, kuma a cikin kagarar haikalin gunki aka ƙone manyan Shekem. Mutumin da ya hau mulki ta hannun dangin uwarsa, ta hannun mace ya sauka. Alhaki kwikwiyo ne, in ji Bahaushe, kuma a nan an nuna mana sawunsa ɗaya bayan ɗaya.

Almarar tana kusa da farkon babin, sauran labarin kuma cika ta yake yi. Abin sha'awa shi ne yadda maganar misali ta koma zahiri. Yotam ya yi zancen itatuwa da wuta. Can gaba sai ga Abimelek ya hau Dutsen Zalmon da gatari, ya sari reshe ya saɓa a kafaɗa, ya ce mutanensa su yi yadda ya yi, suka jibga rassan a jikin hasumiya suka cinna wuta. Mai karatu zai ga daji ne sosai ke tafiya bayan ƙaya, kuma wuta ta fito.

Wurin da abin ya faru ma yana magana. Shekem tana tsakanin Dutsen Gerizim da Dutsen Ebal, kusa da birnin Nablus na yanzu, inda ake kira Tel Balata. Masu haƙar kayan tarihi, tun daga Ernst Sellin a 1913, sun tono kufan garin, har da harsashin wani ƙaton haikali mai kaurin bango. A Shekem ne Joshuwa ya tara jama'a suka yi alkawari za su bauta wa Ubangiji, ya kafa dutse a gindin itacen oak don shaida. A gindin itacen oak na Shekem kuma aka naɗa Abimelek. Haka nan Gerizim shi ne dutsen da aka keɓe don sa albarka, Ebal na la'ana. Yotam ya tsaya a kan dutsen albarka ya yi la'ana. Wanda ya san wannan zai gane marubucin yana nuna komai ya juye.

Salo

Salon almarar ba zai zama baƙo ga wanda ya tashi da tatsuniya ba. Akwai maimaitawa sau uku da kalmomi kusan iri ɗaya, sa'an nan na huɗu ya karya tsarin. Akwai mutuntarwa, itatuwa na tafiya suna magana. Akwai kuma hikimar mara ƙarfi, domin Yotam ba shi da dakaru, bakinsa kaɗai gare shi, sai ya fara da labari don a saurare shi kafin a gane da wa yake.

Babban abin da ya riƙe salon shi ne inuwa. Mukan yi wa giginya gori da cewa na nesa ke shan inuwarta, to ita aƙalla tana da inuwar. Ƙaya a ƙasa take, wanda duk ya sunkuya zai shiga ƙarƙashinta sai ta yage shi. Kiran al'ul, itacen da ya fi kowane tsawo, ya zo ya fake a nan, abin dariya ne. Kuma a numfashi guda ƙayar ta yi alkawari ta yi barazana. Haka mai son girma yake, ba ya jure a yi shakkar sa, domin shi kansa ya san abin da ya yi alkawari ba ya da shi. Inuwar ta sake dawowa a tsakiyar labarin. Da Ga'al ya hango mayaƙan Abimelek suna gangarowa da sassafe, Zebul hakimin gari ya ce masa ai inuwar duwatsu yake gani kamar mutane. Da suka matso, sai ya tambaye shi ina bakin nan nasa yake. Ga'al ɗin nan ba gwarzo ba ne. A wurin shagalin inabi, bayan an ci an sha, ya yi cika-bakinsa, kuma hujjarsa irin ta Abimelek ce, wato asali da jini. Ƙaramar ƙaya ce ta tasar wa babba.

Mutuwar Abimelek ita ce ƙololuwar zambo. Kansa a fashe, amma abin da ya dame shi shi ne me za a ce. Ya roƙi saurayin da ke ɗaukar masa makamai ya soke shi don kada a ce mace ta kashe shi. Bai ambaci Allah ba, bai tuna 'yan'uwansa ba. Dabarar kuma ba ta yi ba. A Littafin Sama'ila na Biyu, babi na 11, shekaru masu yawa bayan haka, Yowab sarkin yaƙin Dawuda ya ambaci labarin, kuma abin da ya tuna shi ne mace ce ta jefe shi da dutsen niƙa a Tebez. Marubucin ya ƙare da cewa da mutanen Isra'ila suka ga ya mutu, kowa ya kama hanyar gidansa. Ba makoki, ba magaji.

Inda na ga rauni

Ba zan ce labarin ba shi da aibi ta fuskar adabi ba. Da fari, almarar ba ta zauna daidai a kan labarin ba. A almara itatuwa ne suka je neman ƙaya, a labari kuwa Abimelek ne ya je neman mutane. Kuma Yotam da ya zo warware ta, bai yi zancen kyau ko munin sarauta ba, zancen butulcin da aka yi wa gidan ubansa ya yi. Wannan ya sa masana da dama ke ganin almarar ta girmi labarin, ɗauko ta aka yi aka dasa. Mai yiwuwa haka ne. Amma ni ina ganin wannan rashin daidaito ya yi amfani, domin ya ɗauke ido daga kan Abimelek ya mayar kan masu naɗi. Ƙaya ba ta iya naɗa kanta. Sai an sami masu buɗe taskar haikali.

Na biyu, sashen yaƙin Shekem ya cukurkuɗe. An kori Ga'al, sa'an nan aka sake faɗa wa mutanen da suka fita gona, aka rushe gari, sai kuma ga hasumiya da mutum dubu a ciki. Mai karatu yakan rasa ko hasumiyar cikin garin take ko wajensa.

Na uku ya fi nauyi. An ce Allah ne ya aiko da mugun ruhu tsakanin Abimelek da manyan Shekem, an kuma rufe babin da cewa Allah ya sāka wa kowa muguntarsa. To, matan da suka ƙone a hasumiya fa, da manoman da aka kashe a gona? Ba su suka ƙirga azurfar ba. Marubucin bai tsaya a kansu ba, ni kuwa ina ganin ya kamata mai karatu ya tsaya. Abin da zan iya cewa shi ne labarin bai ɓoye gaskiyar da muka sani ba, cewa idan manya suka yi cinikin mulki, talaka ne ke biyan mafi yawan kuɗin.

Ta fuskar Sabon Alkawari

Kirista ba ya karanta wannan babi shi kaɗai. A Matiyu babi na 7, da Yesu Almasihu ke gargaɗi game da annabawan ƙarya, ya ce da 'ya'yansu za a san su, ya kuma kawo misalin cewa ba a tsinkar inabi ko ɓaure a jikin ƙaya. Itatuwan Yotam ne suka dawo. Ma'aunin shugaba ke nan, me yake haifarwa wanda wani zai ci.

A Markus babi na 10, Yakubu da Yohanna 'ya'yan Zabadi sun roƙi kujerun dama da hagu. Sauran goman suka ji haushi, kuma ina zaton haushin na an riga su ne. Yesu bai ce musu kada kowa ya zama babba ba. Ya ce mai son zama babba ya zama baran sauran. Haka Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti babi na 3, ya ce mai marmarin shugabancin ikkilisiya aiki mai kyau yake marmari, amma a ayoyin da ke biye ya hana a naɗa sabon tuba don kada ya kumbura. Agustin na Hippo, wanda ya rasu a 430, ya bi wannan a littafinsa Birnin Allah, inda ya nuna cewa sunan bishop sunan aiki ne, wanda kuma yake son ya kasance a gaba ba don ya amfani jama'a ba, to bai san abin da sunan ke nufi ba. Ke nan addinin Kirista bai haramta buri ba. Tambayar da yake yi ita ce, aikin kake so ko kujerar? Abimelek kujerar yake so. Zaitun bai so ko ɗaya ba. Ikkilisiyar farko ma ba ta tsira daga wannan cuta ba, domin wasiƙar Yohanna ta uku ta ambaci wani Diyotarifis mai son zama na gaba, wanda har korar mutane yake yi daga cikin jama'a.

Akwai kuma hoton da ba Kiristan da zai karanta almarar nan bai tuna shi ba. A Matiyu babi na 27 sojojin Roma sun tuƙa rawanin ƙaya suka ɗora wa Yesu suna yi masa ba'a da sunan sarki. A Mahukunta ƙaya ta hau kan jama'a ta cinye su. A Bishara sarkin ne ya ɗauki ƙayar a kansa saboda jama'a. A fahimtar Kirista wannan ita ce amsar da Yotam bai samu bayarwa ba, domin shi ya nuna mugun sarki ya gudu zuwa Biyer, bai faɗi yadda nagari zai kasance ba.

Kammalawa

Na yi ƙoƙarin nuna cewa babi na 9 na Littafin Mahukunta ginannen labari ne mai tsari, wanda raunin da ke cikinsa bai rage masa ƙarfi ba, kuma tuhumarsa ta wuce kan mutum ɗaya. Ta haɗa da uban da ya ƙi suna ya riƙe kaya, da dattawan da suka sayi ɗan'uwa da kuɗin haikali, da masu baiwar da suka ce ba ruwansu. Abin da nake jin tsoro game da yadda ake amfani da labarin shi ne, kowa ya karanta shi yakan ga abokin hamayyarsa ne ƙaya, shi kuwa zaitun. Laifi tudu ne. Mai neman shugabancin majami'a ko na wata ƙungiya, da mai zaɓe, da wanda ya ce shi karatunsa kawai ya sani, kowannensu yana da itacensa a cikin almarar, kuma zai fi amfani ya fara neman nasa kafin ya nemo na maƙwabcinsa. Ina fata wani daga cikin 'yan'uwa ɗalibai zai ɗauki labarin Absalom ko na Adonija, 'ya'yan Dawuda, ya auna su da wannan ma'auni, mu ga ko za su ba da sakamako iri ɗaya.